Ledar da Inna ta ce tata ce

Allah Ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar gumin bazara. Uwar mijina ce, amma Inna nake ce mata kamar yadda 'ya'yanta ke faɗi. Kafin azahar gidanmu na Ketare ya cika har ƙofar zaure. 'Yarta da ke aure a Damari tun daga bakin hanya aka jiyo kukanta. Danginta na Ruwan Godiya sai washegari suka iso a bayan motar auduga, kowa da ƙullin hatsinsa. Tsofaffin unguwa suka yi ta lissafa jariran da ta wanke da gawarwakin da ta suturta. Wata ƙawarta Bamagujiya ta tako da ƙafa daga ƙauyensu, ta zauna kusa da murhu, sai da za ta tafi ta tambaya ko an bar mata tokar da marigayiya ta saba ajiye mata.

Ranar sadakar uku zuciya ta ɗan saki, aka fara tuna abin dariya. Ƙanwar Inna, wadda bakinta ba ya zama shiru ko a makoki, ta share hawaye da gefen zane ta ce, "Allah Shi jiƙan yayata, mai rabon shara kamar rabon gado. Ta hana kowa sakat, ƙarshe ita da kanta ta kashe san huɗa da ledar burodi."

Mata suka yi dariya cikin hawaye. Ni ina zuba wa baƙi kunu a lokacin, sai da ludayin ya kuɓuce mini. Ba Inna ce ta kashe san nan ba, ni ce. Shekara huɗu ke nan ina zaune lafiya a ɗakin aurena a kan ƙaryar da ta yi domina, ita kuma gari na yi mata dariya. Tun tana da rai na ji kunya, amma ban taɓa jin ta kai ranar nan ba, da aka bi ta da labarin har kabari. Na san idan na buɗe baki zamana a gidan na iya ƙarewa, domin wan mijina, wanda ke riƙe da gandu tun rasuwar mahaifinsu, mutum ne mai zafin zuciya, kuma san nasa ne.

Bari in fara daga yadda na same ta. An kawo ni gidan ne a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙauyuka. Rediyo a kowane zaure, babur a ƙofar duk wanda ya sayar da auduga, kwanonin samira sun kori akushi. Ni kuwa malamar firamare ce, sabuwar fitowa, ina ji da kaina. Mijina, ƙaramin ɗanta, akawu ne a Funtua, sai ƙarshen mako yake zuwa. Yaya, wato wan nasa, tun farko bai so a ɗauko 'yar boko ba, bai kuma ɓoye ba.

Abin da na fara lura da shi a gidan shi ne shara ba ta da wuri ɗaya. Bayan turken shanu akwai jujin taki, inda ake zuba ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa da kashin awaki da duk abin da zai ruɓe, sai bazara a kwashe a mangala a kai gona. Toka dabam take, cikin wani babban kasko da ba a yarda ko tsinke ya faɗa ba, domin da ita Inna ke tace ruwan toka na miya, da ita take sabulu, da ita take binne wake kada ƙwari su ci. A ƙarƙashin rumbu kuma akwai wani tsohon kwando na gwangwani da kwalba da guntun ƙarfe da tsumma. Maƙeri kan zo ya ɗebi gwangwani ya yi fitilu, masu man gyaɗa su ɗebi kwalabe, tsumma kuma ta naɗe shi gammo. Ba ta iya wuce abu a ƙasa. Sai ta duƙa ta ɗauka, ta juya shi a hannu, ta dubi duk wadda ke kusa ta ce, "Wanga ina gidansu?" Tambayar nan na ji ta fi sau dubu, kuma kowane lokaci sai ta ɓata mini rai.

Ba ni kaɗai ba, faccalata, matar Yaya, ita ma a bayan ido ƙunƙuni take yi. Mace ta tashi da asuba ga daka ga ruwa ga goyo, sannan a ce ta tsuguna tana tsince shara kamar mai tsintar shinkafa. Ga surutun makwabta, da suka sa mana suna gidan masu tonon juji. Maza kuma suka ce wahalar banza ce tun da ga takin zamani nan ana saukewa buhu-buhu. Wata rana har duba-gari ya shigo ya yi ta faɗa, ya ce juji ƙuda yake tarawa, a kwashe a kai ramin bayan gari. Inna ta tambaye shi wa zai kai, shi ko matan da ba sa fita, sai ya gyara hularsa ya wuce gida na gaba. Ni kuwa a ranar daɗi na ji, don abin da ya faɗa shi nake koya wa yara daga littafi: shara ƙazanta ce, a tattara a yar da nisa.

Sai ga leda ta shigo gari, ita ce abin da ya gagari Inna. Ba ta ruɓewa balle ta shiga juji. In an ƙona ta sai wari, ta ɓata toka. Maƙeri ya ce ba ya so. Karo na farko na ga ta riƙe abu a hannu ta yi tambayarta ba ta da amsa. Ta ce a riƙa cusa mata su a jikin danga kafin ta san yadda za ta yi. A gidan kuwa ɗakina ne matattarar leda, don mijina duk zuwansa sai ya kawo burodi daga Funtua, cikin wata leda mai jan rubutu. Ni kuma in ƙulle ƙuli-ƙuli da yaji a ciki in tafi da shi makaranta, in na dawo in yar.

Rigimarmu da safe ta faru. Na makara, ina jin ana kaɗa ƙararrawar makaranta, na haɗa komai da tsintsiya na nufi juji. Ta tare ni da sandarta, ta duƙa ta zaro leda biyu daga cikin sharar. Haƙurina ya ƙare. Na ce mata yara na jirana, kuma zamanin talauci ya wuce, ba wanda ke tsintar tsumma yanzu sai wanda ya saba da babu. Har yau in na tuna kalmar nan sai na ji kamar in nutse, domin matar nan da tsintar tsumma ta raini marayu biyar. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kakkaɓe ledojin ta ce, "Malama, gona ba ta ji labarin kuɗin mai ba. Shanu ma ba su ji ba. Ki tahi kar ki makara."

Mun yi kusan mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Amma duk ranar da na dawo daga makaranta sai in tarar da kwanon tuwona a binne cikin toka mai ɗumi, a gefen murhunta. Na ci, ban ce na gode ba. Maimakon in gyara sai na sake dabara. Na riƙa shara da sassafe tana kan buzu tana jan carbi, in kwashe komai da komai in kai juji, in tura ƙaiƙayi da ƙafa in rufe. Haka na yi tun daga kaka har bazara, ina ganin na yi wayo. Ban taɓa tsayawa na lura igiyar shanun tana kai su bakin jujin ba, ban kuma yi tunanin ƙanshin mai da gishiri da ke jikin ledar zai ja su ba.

Shanun huɗa biyu ne, fari da ja. Yaya ya fi son jan fiye da babur ɗinsa, da hannunsa yake ba shi dusa. Ana gab da faɗuwar ruwa jan ya daina tuƙa. Ciki ya kumbura, ƙashin baya ya fito, ya tsaya yana kallon harawa ba ya taɓawa. Aka ba shi kanwa, aka jiƙa saiwoyi, aka ɗauko malamin dabbobi daga Kankara ya yi allura ya tafi. Ruwan shuka ya sauka, aka yi shuka, kowa a gari na gyara garma, mu muna zagaye da sa. Gidan ya yi tsit, ko yara sun daina wasa kusa da turke. Ran nan da hantsi ya durƙushe ya kasa tashi, Yaya ya ce a kira mahauci kafin ya zama mushe.

A nan bayan turke aka yi fiɗa, mu mata muna leƙe ta jikin zana. Da mahauci ya tsaga tumbi sai ya yi salati. Ya sa hannu biyu ya ciro wani dunƙule baƙi, ya kai girman tulu, ya jefar a ƙasa ya yi tim. Ya zuba ruwa ya fara warwarewa. Leda ce, ta murɗe ta cure, kuma duk da watannin da ta yi a ciki jan rubutun nan bai goge ba. Ina da cikin fari wata bakwai, mijina yana Funtua, iyayena suna nesa.

Yaya ya ɗaga guda ɗaya sama, ya juyo wajen zana. "Wallahi tallahi," ya ce, "duk macen da ta zuba wagga a juji ba ta ƙara kwana gidan ga, ko ni in bar mata shi."

Ba wanda bai san ɗakin da ake cin burodi ba. Faccalata ta dube ni ta kau da kai. Sai na ji ƙarar sanda a bayana. Inna ta raɓa ta gefena ta fita tsakiyar maza, abin da ba ta saba ba, ta tsaya a kan dunƙulen.

"Tawa ce," ta ce. "Ni ke amsa wurin Malama ina ƙulla daddawa, in na gama in manta in watsa. Tsuhwa ne. To, sai ka kore ni."

Yaya ya daɗe yana kallonta. Mahauci ya sunkuyar da kai yana goge wuƙar da ta riga ta goge. Daga ƙarshe Yaya ya yar da ledar ya fita, bai dawo ba sai la'asar. Da naman san aka ciyar da miskinai goma, kaffarar rantsuwarsa.

Mutane sun ɗauka abin ya tsaya nan. A shekarar ba mu yi huɗa a kan kari ba, don sa ɗaya ba ya jan garma, sai da kowa ya gama aka ba mu aro. Dawa ta yi rauni, rumbu bai cika ba. Wannan asarar gida ce, kowa ya ɗauki rabonsa. Asarar da ta faɗa kan Inna ita kaɗai ita ce ta bakinta. Labari ya zagaya gari, a rijiya da gidan suna, cewa mai dokar shara ita ta kashe sa. Faccalata ta daina rabawa, ta ce wadda ta kafa dokar ma ta karya. Makwabta biyu da suka fara kwaikwayonta suka watsar. Tambayar nan tata ta zama abin tsokana, yara su ɗauki kara a hanya su ce wanga ina gidansu, su ruga. Shekarun da ta yi tana gina abin nan, safiya ɗaya ta rushe shi saboda ni.

Washegarin yanka na same ta tana tace toka. Na durƙusa ina kuka, na ce zan je in gaya wa Yaya gaskiya. Ba ta bar abin da take yi ba. Ta ce ta san abin da nake yi tun watan da na fara, kullum bayan na tafi makaranta takan bi juji ta tsince, idonta ne ya daina kaiwa. Sannan ta ajiye ƙwaryar ta dube ni.

"Ɗiyata, ƙarya guda na yi da tsuhwana, kuma na roƙi Allah gahwara. Kar ki maishe ta ta banza. Ki haihu ɗakinki."

Ranar ce ta fara ce mini ɗiyata. Ta sa na jawo wata tsohuwar randa mai tsagewa daga bayan ɗakinta, ta kife mata faifai ta ɗora dutse, ta ce ga gidan leda nan ta samo. In randar ta cika sai mu wanke mu yayyanka, ta tufka igiyar shanya, ragowar ta cusa a matashi. Ba wani abin kirki ba ne, igiyar ba ta shekara take tsinkewa, ita ma ta sani. Ta ce dai gara tana rataye a sama da tana cikin dabba. Daga ranar mu biyu muke rabon sharar gidan, ita da sandarta, ni da cikina, daga baya da goyona. Nakan makara makaranta, hedimasta ya yi faɗa, in ba shi haƙuri. Da muka zo darasin shara a aji na tsallake shafin.

Ciwon ajalinta bai daɗe ba, kwana tara ne. Ana saura kwana biyu, ina shafa mata man ƙafa da rana, na sake tayar da maganar gaya wa Yaya gaskiya. Ta yi ɗan murmushi ta ce na cika naci kamar ƙuda. Ta ce tana da rai ba ta yarda ba, bayan ranta kuwa ni na sani.

Shi ya sa dariyar ranar sadakar uku ta hana ni sukuni. Na gaya wa mijina abin da ke raina. Shi ma ashe bai taɓa sani ba, sai ya ce in rufa wa kaina asiri. Ya ce kaffara ta wanke rantsuwa amma ba ta canza halin Yaya ba, kuma yanzu babu Inna da za ta shiga tsakani. Ga maganar raba gandu an fara raɗe-raɗinta, ƙiris ake jira. Gaskiya ya faɗa. Kwana huɗu ina kai da kawowa, in ce gobe, in ce a bar shi. Abin da ya yanke mini shawara ƙarami ne: na ji 'yata, wadda nake da cikinta ranar yankan, tana tambayar 'yan'uwanta ko da gaske kakarsu ce ta kashe sa.

Ranar addu'ar bakwai, bayan la'asar, baƙi sun ragu. Yaya yana wajen turke yana zuba wa shanu harawa. Na jira sai da faccalata da ƙanwar Inna suka zo kusa, don ina so a ji. Na durƙusa nesa kaɗan. Na ce Yaya, ledar nan tawa ce, ni na riƙa binne ta a juji, Inna rufa mini asiri ta yi, kuma duk abin da ya yanke na ɗauka.

Bai juyo ba. Ya ci gaba da warware harawa har na ɗauka bai ji ba. Ƙanwar Inna ta dafe baki. Can ya ce, "Malama, duk mai ido ya ga jan rubutun nan, ni ma ina da ido. Uwata ta tsaya gaban jama'a ta ce tata ce. Yanzu kina so in ƙaryata ta tana kwana bakwai a ƙasa?"

Ya share fuska da hannun riga, ya nuna bayan turke da haɓa.

"Kwana bakwai baƙi na zuba shara wuri guda. Ga shanu nan kusa. Tashi ki duba."

Na tashi. Jujin ya cika da ledar goro da ta alewa da gwangwanin madara, komai a cakuɗe da ragowar tuwo. Na janye igiyar shanun, na tsuguna na fara tsincewa, hawaye na hana ni gani. Har magariba ta yi ban gama ba, faccalata ce ta kawo mini randar ta ajiye.

Ina nan a ɗakina, ba wanda ya kore ni. Ƙanwar Inna ba ta sake ba da labarin ba har ta koma Ruwan Godiya. Amma Yaya ya hana a ɗaga maganar a zaure, kuma gari yana nan a kan abin da ya sani. Jiya ma a rijiya na ji wata ta faɗa ana dariya. Shi ɗanta ne, ba zai iya ƙaryata ta ba. Ni kuwa da aka yi ƙaryar domina, ba zan iya barin ta ta zama abin da za a tuna ta da shi ba.

Allah Ya jiƙanki Inna, Ya yalwata miki makwanci, Ya yafe miki ƙaryar nan guda ɗaya, Ya ɗora nauyinta a kaina. Kai kuma da ka karanta wannan, in ka taɓa jin ana dariyar tsohuwar Ketare da ta kashe san huɗa da ledar burodi, don Allah ka tsayar da su ka ce musu surukarta ce.